Broussard da ya shekara 30 a rumfa: ta ina ake fara gyara kafin ya sake tashi?

Ɗan Gulbi:

Assalamu alaikum, malamai da iyayenmu na wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin jirgin sama. Wani Alhaji nan Maraɗi ya samu tayin tsohon jirgin soja ƙirar Max Holste Broussard, mai inji guda da jela biyu, irin waɗanda Faransa ta bai wa ƙasashenmu bayan samun mulkin kai. Ya fi shekara 30 a ajiye ƙarƙashin rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe. Ga abin da aka gani: farfela tana juyawa da hannu, tayu sun kwanta, yadin jela ya yage, akwai farin gari a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerun baya. Littafin gangar jirgin yana nan, na inji kuwa babu. Masu gareji sun ce a ɗaura batir, a zuba fetur, a ji ko zai tashi, in ya yi ƙara sai a biya kuɗi. Shin haka ake yi? In ba haka ba, me ake farawa da shi? Kuma wane aiki za a iya yi nan gida, wanne ne sai an kai waje?

Baba Injiniya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaya ma Alhaji kada kowa ya kai batir kusa da jirgin nan. Ƙarar inji ba shaida ba ce. Injin da ya yi tsatsa ciki ma yana tashi, ya yi minti biyar yana niƙa kansa, a kashe ana murna, alhali an ɓata abin da ya fi komai tsada a jirgin. Maganar inji na bar ma Malam Mai Buji. Ni abu biyu zan tsaya a kai, don su ne ke yanke hukunci kafin a fidda ko dala: takarda da ƙashin jirgi.

Jirgin soja ba ya cikin rajistar farar hula. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta ware jiragen soja da na duwan da na ƴan sanda a matsayin jiragen gwamnati, dokokinta ba su hau kansu ba. To kafin wanga jirgi ya zama na Alhaji a idon hukuma, sai an ga takardar da ta nuna rundunar da ke da shi ta fidda shi daga aiki ta sayar, da takardar kowane ciniki da ya biyo baya har zuwa hannun mai tayin nan. A nemo ɗan allon ƙarfen da masana'anta ta manna a jikinsa, a ga lambar da ke kai ta yi daidai da ta littafi. In allon nan babu, ko lambobin sun saɓa, ƙarfe kawai kuke saye.

Daga nan sai Yamai, ofishin ANAC, hukumar kula da jiragen saman farar hula, tun kafin a ɗaga sifana. Su ke ba da rajista mai farawa da 5U, su kuma za su faɗi rukunin takardar izinin tashi da za su sa shi da wanda suka yarda ya sa hannu a kan aikin. Aikin da aka yi ba gaban mai lasisi ba, komai kyansa, sai an sake buɗe shi. A Faransa suna da takarda ta musamman ga tsofaffin jirage na tarihi, CNRAC, lambarsu na farawa da F-AZ, kuma ba a yarda a yi haya da su ba. In Alhaji na lissafin ɗaukar fasinja Maraɗi zuwa Damagaram ne, ya fidda wannan daga ransa. Kuma a halin tsaron da ake ciki, kada a motsa tsohon kayan soja daga inda yake sai hukumomin tsaro sun sani a rubuce.

Rashin littafin inji ma'anarsa ɗaya: ba a san awa nawa ya yi ba, don haka ana ɗaukar sa a wanda awanninsa suka ƙare. A yi ciniki bisa haka.

Farin garin da ka gani, tsatsar alminiyam ke nan. Yawancin jiragen Faransa na lokacin da ƙarfen da suke kira AU4G aka yi su, alminiyam ne mai kusan kashi 4 cikin ɗari na jan ƙarfe. Jan ƙarfen ne ke ba shi ƙarfi, shi ne kuma ke sa shi saurin ruɓewa in ya samu danshi. Bushewar ƙasarmu tana taimako, jirgin da ya kwana nan ya fi wanda ya kwana Kwatano ko Legas lafiya nesa ba kusa ba. Amma ƙurar hunturu tana taruwa a lungu, damina ta zo ta jiƙa ta, ta riƙe ruwan wata da watanni. Ga fitsarin ɓera da kashin jemage, waɗanda sun fi ruwan sama cin ƙarfe. A ɗage daɓen ciki kaf, a duba wurin zaman batir, hanyar da hayaƙin salansa ke bi, cikin jela, sannan wuraren da rai ke rataye: ginshiƙin da ke cikin fiffike, inda fiffike ya haɗu da gangar jiki, da bakin tokarar fiffike sama da ƙasa. Can ne ƙusar baƙin ƙarfe ke ratsa alminiyam, kuma ƙarfe biyu mabambanta in sun haɗu da danshi, alminiyam ne ke cinyewa.

Tsatsar sama mai gari ana maganinta. Wadda ake tsoro ita ce mai shiga cikin naman ƙarfen, ta kumbura shi ya riƙa tashi ɓawo-ɓawo kamar albasa. In an ga wannan a ginshiƙin fiffike, ba gogewa ba faci, sai sabon ginshiƙi, kuma nan ne yawancin irin wanga aiki ke mutuwa.

Wajen gogewa: ban da buroshin ƙarfe, ban da soson ƙarfe, don suna barin ɓarɓashi a jikin alminiyam sabuwar tsatsa ta tashi daga nan. Ban da sodar sabulu wajen cire fenti, narkar da alminiyam take yi. Ban da feshin yashi a fata mai sirara, yana miƙar da ita. Soso marar ƙarfe ko samfefa mai laushi, a goge har gari ya ƙare, a auna kaurin da ya saura. Ƙa'idar da aka saba, in abin da ya tafi ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kauri, a canza guntun. A ginshiƙi kuwa littafin gyaran jirgin ne ke magana, ba ƙa'idar baki ba. Bayan nan ruwan Alodine mai kare alminiyam daga tsatsa, sannan fentin ƙasa, a rana ɗaya, kada a bar ƙarfe tsirara ya kwana.

Kafin a cire ko ribiti guda, a daidaita jirgin bisa jak, a auna daga ƙarshen kowane fiffike zuwa wuri guda a jela. Faɗin fikafikan mita 13.75 ne, ƴar karkata a tsakiya tana zama babba a baki. In hagu da dama sun bambanta, ya taɓa shan bugu, ko littafi ya faɗa ko bai faɗa ba.

Malam Mai Buji:

Allah shi ƙara girma, Baba. Ɗan Gulbi, abu na farko: ku daina juya farfelar nan. Kowane juyi, ringi na kankare tsatsa a bangon silinda babu mai, yana zana shi.

Injin Broussard na Amurka ne, Pratt & Whitney R-985, wanda ake kira Wasp Junior. Silinda 9 jere a da'ira, lita 16, ƙarfin doki 450 a juyi 2,300 a minti, nauyinsa wajen kilo 290. Tun 1929 aka fara shi, an ƙera kusan 39,000 kafin a daina a 1953. Wannan shi ne sa'ar Alhaji: Broussard bai kai 400 da aka ƙera ba, kayan jikinsa sai an sha wuya, amma injin iri ɗaya ne da na Beaver na Kanada da Beech 18 da jiragen feshin gona, har yau akwai masu gyaransa da kayansa. Sai dai ku tanadi sifana kala biyu, don inji da ma'aunin inci aka yi shi, gangar jiki da milimita. Kada a tilasta noti na wannan a kan zaren wancan.

Ga dalilin da ya sa shawarar masu gareji ke da haɗari. Silinda ta 1 tana sama, ta 5 da ta 6 suna ƙasa kansu a kife. Inji in ya tsaya, baƙin mai yana tsiyaya ya ratsa ringi ya taru a kan waɗannan na ƙasa da bututun shan iskarsu. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Fistan ya zo da ƙarfin sitata, ko da ƙarfin wata silinda da ta kama wuta, ya tarar da mai, sai sandarsa ta lanƙwashe. Abin takaicin, sau da yawa injin ba ya nuna komai a ranar. Sandar sai ta yi awanni tana aiki a karkace sannan ta karye, a sama. Ko injin da ke aiki kullum, in ya kwana, ana jan farfela da hannu aƙalla zagaye biyu cikakku kafin a tayar, don kowace silinda ta wuce matsinta. In an ji ta ƙage, a tsaya, a cire buji na silindun ƙasa, daga ta 4 zuwa ta 7, mai ya zube. Ba a mai da ita baya don a kauce: man zai koma bututun shan iska ya jira, inji na tashi ya zuƙo shi. Kuma mai jan farfela ya ɗauka kullum tana iya tashi, don maganeto, mai ba buji wuta, ba ya buƙatar batir. Waya guda ce ke kashe shi ta hanyar haɗa shi da jikin inji, in ɓera ya ci wayar nan, makunni na nuna a kashe amma wuta tana nan.

Abin da za a yi a inda jirgin yake: a cire buji duka 18, biyu kowace silinda, a zura ƴar kyamara mai siririn wuya a duba bangon silinda da bakin bawul. A fesa man adana inji, a rufe ramukan. A fidda rariyar mai a wanke ta cikin farin kwano, a bi da maganaɗisu. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, daga ringi ko giya ko bango. Mai ƙyalli da bai manne ba, alminiyam ne na fistan ko ƙarfen boris. Wannan zai gaya maka ko injin na da darajar a aika shi, ba zai ba ka izinin tayar da shi ba.

Babban gyara ba aikin Maraɗi ba ne, kuma ba raini ga makanikanmu ba, kayan gwajin ne babu. Kiranshaf da sanduna da giya ana bi da su ta gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe don fidda tsagar da ido ba ya gani, sassan alminiyam kuma da ruwan rini mai shiga tsaga. Kan silindar R-985 alminiyam ne da aka ɗaura da zare a kan gangar baƙin ƙarfe yana da zafi, kuma an san shi da tsagewa a wurin har kai ya rabu da ganga. Tun 1978 FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ta wajabta duba wurin a kai a kai, da gwajin sauti lokacin babban gyara. Alamarsa ta waje baƙin zane ne na hayaƙi ko mai tsakanin haƙarƙarin sanyaya. Covington Aircraft a jihar Oklahoma ya yi suna da gyaran wannan inji a baya. A saka shi akwati, a yi takardar fita ta wucin gadi a duwan don kada a biya kuɗin shigowa kamar sabon kaya, ya dawo da takardar shaida da sabon littafi. A haɗa da maganeto biyu, kafireta ta Stromberg, gwamnan farfela mai daidaita juyinta, da farfelar kanta. Dubban daloli goma-goma ake magana, ban da jigila.

Kuskuren da ke kashe sabon inji: a ɗaura shi kan tsohon tankin mai da tsohuwar radiyetar mai ba a wanke ba. Duk ɓarɓashin tsohon inji yana kwance ciki. Tanki a wanke, radiyeta a kai ta masu wankewa ko a canza, tiyo na mai da na fetur duka sababbi, ko da tsohon na sheƙi, don daga ciki roba ke mutuwa.

Lambobin da za ku riƙe: tazarar bawul inji a sanyaye milimita 0.25, wuta digiri 25 kafin fistan ya kai ƙololuwa, matsin mai a tafiya 70 zuwa 90 psi, zafin mai kada ya wuce digiri 85, na kan silinda 260. Ranar tayarwa a tura mai da famfo ya zaga ko'ina tukuna, a sa wa tayu waigi, a ɗaure jela, mutum ya tsaya da abin kashe gobara. In allurar matsin mai ba ta motsa ba cikin daƙiƙa 30, a kashe. Awannin farko da man jirgi zalla marar haɗi, har ringi su zauna, kuma kada a bar shi yana ta gunaguni a ƙasa, yana zafi babu iska bangon silinda ya yi santsi, ya riƙa shan mai har abada. A zafin nan namu, mai mai kauri, lamba 120.

Ƴar Tasawa:

Ina gaida Baba da Malam. Yaya Ɗan Gulbi, kafin komai ka hana yara da masu son gani taɓa agogunan gaban matuƙi. Jiragen soja na shekarun 1950 da yawa an shafa wa allurai da lambobinsu fenti mai radiyam don su yi haske da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa, radiyam ɗin yana nan, sai shekara 1,600 rabinsa ke ƙarewa. Fentin da ya koma ruwan ƙasa yana marmashewa shi ne abin zargi. Agogon da gilashinsa ya fashe a sa shi leda biyu a ɗaure, kada a hura shi da baki, kada a kai wa mai gyaran agogo a kasuwa.

Yadi kuwa ba a ma gwada shi, cirewa ake yi. Ƙa'ida ita ce in ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari na sabo, ya tashi aiki, kuma audugar da ta shekara 30 ba ta kusa. Cire shi ma dama ce ta ganin ƙashin da ke ciki. Yau da yadin roba na jirgi ake rufewa, Ceconite ko Poly-Fiber, kuma tsari ɗaya ake bi daga gam har fenti, ba a gauraya kayan wannan da na wancan. A tsarin Poly-Fiber ana manna yadin a sake, a ɗame shi da dutsen guga a digiri 120 na ma'aunin Celsius, sannan a 175. A auna zafin dutsen da ma'auni, kada a yarda da lambar jikinsa. In ya haura 190 zaren ya saki, kuma ba ya dawowa. Bindigar zafi ba ta aikin nan. Sai a ɗinke yadin jikin haƙarƙari da zaren jirgi, a rufe ɗinkin da tef, a huda ramukan tsiyayar ruwa a ƙasa. Shafen azurfa shi ne ran aikin, shi ke tare hasken rana da ke cin yadin roba, kuma ranar Maraɗi ba ta da sauƙi. Gwajinsa: a sa fitila ciki, in haske ya fito waje, bai isa ba. Kada a yi feshi ranar ƙura ko da tsakar rana a bazara, ruwan na bushewa kafin ya kwanta.

Bayan fenti a auna daidaiton nauyin kowane sashe mai motsi bisa yadda littafi ya ce. Fenti ya yi yawa a baya, sashen zai kama kaɗawa da kansa a cikin gudu, kuma cikin daƙiƙu yana iya tsinke jela. Masu son jirgi ya yi sheƙi su ke jawo wannan.

Igiyoyin ƙarfe da ke jan jela da fikafikai a canza su duka. Wanda ya ƙi, ya bi kowace da tsumma, inda tsumman ya maƙale waya ta tsinke, yawanci inda take bi ta kan fuli. Ana ɗaure su da ma'aunin ɗauri, a duba jadawalin zafi, don gangar alminiyam ta fi igiyar ƙarfe miƙewa. Wadda aka ɗaure tamau da sanyin asubar Janairu, a Afrilu ta wuce kima. Zaren abin ɗaurin kada ya fito fiye da uku, a kulle da wayar kulle. A ƙarshe mutum biyu daban su tabbatar sanda in ta tafi hagu, abin da ya kamata ne ya ɗaga, don haɗa igiya a juye ya kashe mutane a tashin farko.

Man birkin mota kada ya shiga birkin jirgin nan. A duba irin da littafi ya ce, a sa robobin da suka dace da shi, in ba haka ba su kumbura birki ya kama. Wayoyin lantarki sababbi.

Sai zanzaro. Duk rami mai faɗin fensir gidansa ne: bututun auna gudu, ramukan auna matsin iska, bututun numfashin tankin fetur. Na tankin in ya toshe, inji zai yi ta aiki lafiya a ƙasa, ya tashi, mai ya ƙi sauka. A 1996 Boeing 757 na Birgenair ya faɗa teku bayan tashi daga Puerto Plata, mutum 189 suka rasu, bincike ya gano bututun auna gudu a toshe, kuma irin wannan ƙwaro aka fi zargi. A cire bututun daga bayan agogo kafin a hura iska, daga ciki zuwa waje, in ba haka ba agogon ya fashe.

Ɗan Gulbi:

Allah ya saka da alheri, an ɗaure batir an ajiye. Saura uku. Alhaji na tambaya ko fetur ɗin mota zai yi, tunda shi ke samuwa nan. Kuma masu gyaran jikin mota da masu walda na garin nan, akwai abin da za a ba su? Wani kuma ya ce a gwada matsin silinda kafin a saya, in ya ba da 60 cikin 80 lafiya lau.

Malam Mai Buji:

Gwajin 80 psi na injin da ke aiki ne, ana yin sa yana da ɗumi. A injin da ya shekara 30 ringi sun manne, ko ya ba da 30 ko 70 ba abin da ya faɗa maka, ga shi sai an juya farfela. A bar shi.

Kyaftin Na Zariya:

Ƙanena, maganar fetur tana da fuska biyu. R-985 matsinsa kaɗan ne, 6 bisa 1, da man jirgi mai lamba 80/87 aka tsara shi, don haka ba lambar oktan ce matsalar ba. A Amurka har akwai izini na musamman na sa masa fetur ɗin mota, amma sai izinin ya haɗa inji da irin jirgin, kuma ba a yarda da mai etanol ba. Matsalarmu ita ce ba ka san abin da ke cikin jarka ba. Man bakin hanya da aka tsoma wa kalanzir yana sa wuta ta riƙa fashewa a silinda maimakon ci, kuma a ƙarar wannan inji ba za ka ji ba sai fistan ya huje. Fetur ɗin mota kuma ya fi saurin zama tururi, a zafin digiri 42 yana iya tafasa a bututu famfo ya riƙa jan iska, daidai lokacin hawa. Gwajin etanol mai sauƙi ne: ruwa kashi ɗaya a kwalba, a yi alama, fetur kashi tara, a girgiza a ajiye. Ruwa ya haura alama, akwai etanol. Ni shawarata man jirgi 100LL, mai launin shuɗi, a duro mai hatimi. Dalmar da ke ciki tana dasƙarewa a buji na silindun ƙasa, sai a riƙa wanke su. A tafiya yana shan wajen lita 90 a awa, wato duro mai lita 200 awa biyu ne da ɗan saura. Alhaji ya fara gano inda zai riƙa samun duron kafin ya sayi jirgin. Jet A-1 da aka fi samu a filaye kalanzir ne, in an zuba, inji zai tashi da ragowar fetur ɗin bututu ya mutu bayan an bar ƙasa. Lokacin hunturu a haɗa duro da mazurari da jirgi da waya kafin a fara zuba mai, tartsatsin busasshiyar iska ya isa gobara.

Kafin tashi: a auna jirgin bisa sikeli uku a fidda sabon nauyi da tsakiyarsa, tsohon lissafi ya mutu tunda an canza yadi da rediyo da batir. A cire tiyo a bakin kafireta a auna kwararar mai, jela a ƙasa, tanki kusan fanko: in famfo ke turawa, kashi 125 cikin ɗari na abin da inji ke sha a tashi, in gangarowa yake da kansa, 150. A daidaita kamfas inji na aiki, a gwada agogon gudu da na tsawo, a sa na'urar neman ceto mai 406 MHz.

Filin Maraɗi wajen mita 380 yake sama da teku, amma a digiri 42 fiffike da farfela suna jin kamar suna mita 1,450. Gudun ƙasa ya ƙaru, hawa ya ragu, kan silinda ya yi zafi da wuri. Tashin farko da sassafe, ranar da ba hazo ba iskar gefe, ba fasinja, ko Alhaji. A yi ta zagaye bisa filin yadda in inji ya ɗauke za a sauko, kamar rabin awa, a sauka a buɗe murfin inji a sake duba rariyar mai. Matuƙin dole wanda ya saba da jirgi mai tayar jela ne. Nauyinsa na bayan manyan tayu, in jela ta fara zamewa a sauka ba a tare ta da ƙafa nan take ba, jirgin zai juya ya kafa fiffike a ƙasa. Lasisin manyan jirage ba ya koyar da wannan. A lura da tsakuwa kuma: kada a ba da wuta sosai a tsaye bisa yashi, farfela na tsotso shi. Ƴar sara a bakinta ana goge ta da zarto mai laushi har ta yi sumul, ba a yi mata walda, ba a miƙe ta da guduma.

Baba Injiniya:

Kan masu aikin gida. Walda a ba su jak, matakala, kujerar ɗora inji, da firam ɗin da zai riƙe fiffike kada ya murɗe in an cire fata. A jikin jirgi kada wutarsu ta taɓa komai, AU4G in ya sha wuta ƙarfinsa ya tafi. Wanki, cire fenti, gogewa, ɗinkin kujeru, duk hannun gida ne, ƙarƙashin mai lasisi.

Yaro mai natsuwa cikin masu gyaran jiki yana koyon ribiti, amma a kan guntaye tukuna. Cirewa: a huda kan kawai da bakin diril da bai kai kaurin ribitin ba, a ɓalle kan, a tura sauran da fanci, a tokare bayan. Wanda ya zarce ya faɗaɗa rami. Sakawa: daga tsakiyar rami zuwa bakin ƙarfe aƙalla kaurin ribiti biyu, tsakanin ribiti da ɗan'uwansa aƙalla uku. Abin da ya leƙo baya kafin bugu kauri ɗaya da rabi, bayan bugu ya baje faɗin ɗaya da rabi, tsawon rabi. Ribitin bindiga na kasuwa da ƙusoshin shagon kayan mota ba sa hawa jirgi, ko girmansu ya yi daidai. Littafin FAA mai lamba AC 43.13-1B kyauta yake a intanet, duk wannan na ciki da zane, sai dai inda ya saɓa da littafin Broussard, na Broussard ake bi.

Yanzu ka ɗauko mana hoton allon lambar jirgin da na inji, shafin farko da na ƙarshe na littafin, da bakin tokarar fiffike huɗun nan bayan an share ƙura. Ka buɗe ƙofofin dubawa na ƙarƙashin fiffike ka haska ginshiƙin daga gefe, ba kai tsaye ba, ta gefe kumburi ke nunawa.